Takalmin Babanka Ya Yi Maka Kaɗan

Toranke, ƙasar Ajingi.

Zuwa ga ɗana Auta, a gidan Kawunsa Bala, Gaya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka da lafiyar jiki da kwanciyar rai. Ka gaida Kawunka da mutanen gidansa. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka bi, ya tsare ka a inda za ka sauka, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, shekaranjiya ka bar shi. Maganar takalmi ce. Na san motar da za ta kai ku wajen aikin ban-ruwan nan ba za ta tashi ba sai kasuwa ta ci, shi ya sa na yi hanzari na ba Garba, mijin yayarka Talatu, ya kawo maka. Ka zauna ka karanta ta har ƙarshe ko da rubutuna zai wahalar da kai. Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, hannuna ya fi sabawa da matsar ƙuli a kan riƙon fensir.

Da ka tafi na zagaya bayan rumbu in ɗebo kara, sai na ga turakun nan biyu a tsaye, babu komai a kansu. Tun ranar da aka ɗauki babanka, Allah ya jiƙansa, takalmin ruwansa yake kife a wurin, kowace ƙafa a kan turkenta. Duk tsawon takabata ban bari kowa ya taɓa shi ba. In na fito da safe na gan shi, sai in ji kamar mai shi yana ɗaki, bai fito ba tukuna. Na tsaya a wurin na yi kuka. Ba don ka ɗauka ba, ai gadonka ne, kuma babu wanda ya fi ka cancanta. Na yi kuka ne don na san ya yi maka kaɗan.

Na gan ka, Auta. Ana gobe za ka tafi, bayan la'asar, ka ɗauka ina madafa. Ka zauna a kan turmi, ka shafa wa diddigenka ruwan sabulu, ka yi ta dannawa har ƙafa ta shige. Ka miƙe ka yi taku kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ka ciji leɓe, sannan ka dubi ƙafafunka ka yi murmushi. Murmushin nan ne ya ɗaure mini baki, na koma na ci gaba da tuƙin tuwona. Abin da ya kamata in faɗa maka ranar shi ne nake rubutawa yau.

An ce aikin da za ka yi na tsayuwa ne cikin magudanan ruwa da taɓo tun safe har yamma, kuma sabon ɗauka in ya kwanta ciwo a farkon zuwansa sai a ba wani gurbinsa. Ka ga yadda fari ya mai da fadamarmu. Aikin nan shi ne abin da Allah ya buɗe mana, kuma da ƙafarka za ka riƙe shi. To saurara ka ji yadda ƙafar babanka ta taɓa kwantar da gidan nan. Ka sha jin labarin ana dariya, amma ba ka taɓa jinsa daga bakina ba.

Lokacin kana famfara, duk fadamarmu babu mai shiga taɓo da takalmi. Da damina dashen shinkafa, da rani rake da jigo. Ƙafar babanka ruwa ya cinye tsakanin yatsunta, faso ya tsaga diddigen har ƙwayar gero na iya ɓuya a ciki, tushiyar rake ta yanke shi nan da can, matsattsaku kuwa sun mai da shi abokin wasa. In ya dawo da yamma sai ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafafu, in narka man kaɗanya in riƙa ɗiga masa. Bai taɓa cewa wash ba. Sai dai ya ce in ƙara a nan, in rage a can, kamar mai nuna wa magini inda katanga ta tsage. Ban taɓa ganin mai haƙuri da jikinsa irin mutumin nan ba.

Wata rana malamin gona ya zo duba iri. Na leƙa ta zana na gan shi da baƙin takalmin roba mai dogon wuya har gwiwa. Ya keta caɓin ƙofar gida, ya zo bakin tabarma ya tuɓe, ƙafarsa fes kamar ta amarya. Na sa a raina sai babanka ya sa irinsa. Na yi ta suyar ƙuli, na yi ta matsar mai, har kwasar adashina ta zo.

Ka san yadda muke sayen takalmi a nan. Matar aure ba ta zuwa kasuwa, yaro ma ba a ɗaukarsa. Sai a karyo kara, a gwada tsawon ƙafa, a yanke, a ba mai zuwa Gaya. Haka aka sayo mini na aure, haka na sayo muku na salla, ba a taɓa samun kuskure ba. Ni kuma ina son abin ya zo masa ba zato, ga kunyar in ce ya miƙo ƙafa. Sai na bari ya yi alwala ya taka ƙasa mai laima a wajen, na lallaɓa na ɗora kara a kan sawunsa, na yanke daidai. Na ba Kawunka Bala, na ce ya kai wa Malam Bukar mai takalma, Babarbaren nan da ke sarowa daga Kano, ya zaɓo mini wanda ya fi ƙyalli.

Su kuma suka yi yadda ake yi wa fade. Suka kifa takalmin, suka ɗora karan a kan tafinsa ta waje, suka ga baki ya zo da baki, shi ke nan. Babu wanda ya tuna cewa fade a kansa ake tsayawa, shi kuwa wannan cikinsa ake shiga. Kaurin roba ya ci gaba, ya ci baya. Kuma kara tsawo kaɗai ya sani. Bai san babanka na da tudun doron ƙafa ba, bai san faɗin yatsunsa ba, bai san ƙafar manomi ta safe daban take da ta la'asar ba.

Ranar da na ajiye masa shi a kan buzu, murnar da ya yi ba ta faɗuwa. Ya sa ya fita zaure, maƙwabta suka taru suna shafawa. Na tambaye shi ko ya yi masa daidai, ya ce kamar a ƙafarsa aka narka shi. Na yarda, don ina son in yarda. Dashe ya kama, kullum da shi yake fita. Na ga yana ɗingishi, ya ce kwankwaso ne. Na ga ya daina miƙo mini ƙafa da yamma, ya ce ai yanzu ba ta bukatar mai. Ran nan sai ga shi an riƙo shi, jiki zau da zazzaɓi, takalmin dama ya ƙi fita. Aka ja, aka murɗa, aka zuba ruwan sabulu, ina! Sai da aka kira wanzami ya tsaga shi da aska tun daga wuya har yatsu. Ba zan kwatanta maka abin da muka gani a ciki ba. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, diddige ya saɓule, taɓo ya shiga ciwon, kaluluwa ta taso masa. Yana kwance dashe ya wuce. Mutanen unguwa suka yi masa gayya, Allah ya saka musu, amma rabin gonar kawai aka samu. Waccan shekarar mun ga yadda rumbu ke ƙarewa damina ba ta faɗi ba.

Ina wanke masa ciwon ina kuka, ina cewa ni na jawo. Sai ya ce, "Saude, takalmin bai yi laifi ba, ke ma ba ki yi ba. Ni ne na ji yana cizo na yi shiru, don kada ranki ya ɓaci. Ga shi yanzu ran naki ya ɓaci, ƙafar ma ta ɓaci."

Sannan ya ce in tattara robar da wanzami ya tsaga, da ɗaya ƙafar, in adana masa, kada yara su yi gwafa da ita. Na ɗauka don tunawa yake so. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

To ga nasihata ta farko. Takalmin ruwa ba a aika a sayo shi. Ba a gwada shi da kara, ba a gwada shi da zare, ba a cewa wane ƙafarmu ɗaya da shi. Ƙafar da za ta zauna a ciki ita za ta je kasuwa. Kuma in abu yana cizonka, ka faɗa tun ranar farko, ko da wanda ka fi ƙauna a duniya ne ya ba ka.

Da ya warke, rake ya yi kuɗi, sai ya hau kekensa ya tafi Gaya da kansa. Kawunka yana wurin, shi ya ba ni labari, har yau in ya tuna sai ya riƙe ciki. Ya ce babanka ya isa tun hantsi, amma ya ƙi zuwa rumfar Malam Bukar. Ya yi ta zagaya kasuwa a ƙasa, daga 'yan hatsi zuwa 'yan awaki, sai da aka yi la'asar ƙafa ta kumbura ta kai girmanta na wajen aiki, sannan ya je ya zauna. Ya ciro safa mai kauri daga aljihu ya sa. Malam Bukar ya miƙo masa wanda ke rataye a gaban rumfa yana sheƙi, babanka ya ce ba shi ba, a ciro masa na cikin buhu, wanda rana ba ta gasa ba. Ya lanƙwasa shi a wajen idon sawu, ya matse, ya duba ko robar za ta yi fari ko ta nuna ƙananan tsaga. Ya ce wadda ta yi haka ta tsufa tun ba a sa ta ba. Ya kifa shi ya bi haɗin tafi da jiki da farce, ko'ina, ya ga ko akwai inda ya ɗaga. Ya danna tafin da babban yatsa don ya ji ko tushiyar rake za ta iya huda shi, ya duba zurfin zanen da ke ƙasa, don mai sulɓi a taɓo kayar da mutum yake yi.

Daga nan sai ya yi abin da ya tara masa jama'a. Ya ɗaga takalmin sama ya fuskanci rana, ya cusa fuskarsa a bakinsa, yana juya shi a hankali, yana neman inda haske zai shigo ko da kamar bakin allura ne. Ka san wasan da ke tsakanin Barebari da dangin babanka. Malam Bukar ya ce, "Kai Bafillace, kakanninka sun bi saniya har gabas ba takalmi, kai ka zo za ka cinye mini yini a kan roba?"

Babanka bai ma fito da fuskarsa ba, daga cikin takalmin ya amsa. "Su saniya suka bi, ita kuwa ta san busasshiyar hanya. Ni shinkafa nake bi."

Bai tsaya nan ba. Ya sayi ruwa wurin ɗan garuwa ya cika kowace ƙafa, ya tsayar da su a kan busasshiyar ƙasa, ya zauna yana hira yana satar kallonsu, har ya tabbata ko zufa ba su yi ba. Ya zubar, ya goge, sannan ya sa duka biyun, don ya ce babu mutumin da ƙafafunsa biyu suke daidai, kuma babbar ake yi wa ciniki. Ya tura ƙafa gaba, ya ce lalle yatsu su iya motsi kamar suna cikin ruwa. Ya ɗaga diddige ya ji ko takalmin na binsa ko yana zamewa. Ya tsuguna kamar mai dashe, ya daɗe, don ya ji ko bakin zai yanke shi a bayan gwiwa. Ya cusa ƙafar wando ya ga ko wuyan zai ɗauka. Ya yi tafiya har bakin masallaci ya dawo don ya ji nauyinsa, ya ce abin da hannu ya ji ba nauyi, ƙafa za ta ba da labarinsa da azahar. Ƙarshe ya tsaya ya taka diddigen ɗaya da ɗaya ya zare, ya mayar, ya sake zarewa. Malam Bukar ya tambaye shi wannan kuma na mene ne. Ya ce takalmin da zai sa mutum ya ji ƙyuyar alwala ba na saye ba ne.

Ana kiran magariba suka shirya. Malam Bukar ya rantse bai taɓa shan wahalar ciniki irin ta ranar ba, amma Kawunka ya ce tun daga nan duk wanda ya zo sayen irin takalmin, shi da kansa yake ce masa ya ɗaga ya leƙa rana.

Haka za ka yi, Auta, kada ka rage ko ɗaya. Kada ka ji kunyar 'yan kallo, ba su za su tsaya maka a ruwa ba. Kada ƙyalli ya ruɗe ka yadda ya ruɗe ni. Kuma don na ce kada ya matse, ba cewa na yi ka ɗauko kwale-kwale ba. Wanda ya yi yawa gogar diddige yake yi har ya yi bororo, kuma taɓo na ƙwace shi. Ga Garba nan a gabanka, tambaye shi ina ƙafar hagu ta nasa take. Ya sayi babba wai don ya daɗe, kamar ƙafar magidanci za ta ƙara girma. Har yanzu tana can ƙarƙashin fadamar Gafasa, ya dawo gida ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da laka. In Malam Bukar ba shi da daidai kai, kada ka karɓi na kusa da daidai don kunyar tsoho. Ka bari sai kun tsaya a Kano. Maganar kuɗin takalmin kuwa mun gama da Kawunka, kada ka sa ta a ranka.

Ka ɗauka daga nan na yi hankali? Ban yi ba. Da sabon ya zo gida ya kwana biyu yana shiga taɓo, sai na ga ya dushe. Ni kuma mai man gyaɗa, komai na gani ya bushe sai in ga mai yake so. Na wanke shi tas, na shafe shi da mai har yana ɗaukar ido, na ajiye a ɗaki ina jiran yabo. Da gari ya waye ɓeraye sun yi wa bakinsa cin ƙuli. Babanka ya ɗaga ya juya, ya ce ashe dai ba shi kaɗai ke yaba man matarsa ba. Ya ɗauki wuƙa ya daidaita bakin, ya gaya mini cikin lallashi cewa mai na ƙafa ne, roba ba ta son sa, laushi yake sa ta har ta ruɓe. To kai ma ka ji. Ruwa kawai za ka wanke shi da shi, ciki da waje. Man kaɗanyar da na sa maka a gwangwani na ƙafarka ne. Kullum ka tashi aiki ka wanke ta, ka bi tsakanin yatsu da tsumma har su bushe, sannan ka shafa. Safa biyu za ka riƙe, ɗaya a ƙafa ɗaya a igiya. Babu Innar da za ta narka maka mai a can, kai za ka zama Innar kanka.

Kuskurena na uku kuma wuta ce. Wata damina aka yi kwanaki ana ruwa ba rana, cikin takalmin ya ƙi bushewa, yana wari. Tausayi ya kama ni, na jingina shi a gefen murhu na tafi tatsar akuya. Kafin in dawo diddigen hagu ya yi taushi ya murɗe, da ya huce sai ya tsage. Wannan karon ban jira ya gani ba, na kai masa da kaina. Ya duba, ya ce in ɗauko masa robar nan da ya ba ni ajiya. Ya yanki ɗan guntu daidai tsagar, ya kai wa mai facin keke, aka kankare, aka shafa sholisho, aka manne, ya ɗora dutsen niƙa a kai har washegari. Ko ɗigo bai ƙara shiga ba. A ranar ne ya sare turakun nan biyu ya kafa a inuwar rumbu, inda iska ke bi, rana ba ta kaiwa. Ya ce nan ne ɗakin takalmi, a kife, ruwa ya tsiyaye, kunama kuma ta rasa wurin kwana. Duk da haka bai taɓa sa ƙafa ba sai ya buga shi a ƙasa ya zazzage. Kai ma in ka isa, kafin ka nemi inda za ka shimfiɗa tabarma, ka nemi sanduna biyu da inuwa. Kada ka bar shi a rana, kada ka kai shi kusa da wuta, kada ka sa ƙafa ba ka zazzage ba.

Ka ga abin da ya sa ya ce in adana robar. Ba don kallo ba ne. Takalmin da na saya bai yi masa mako biyu a ƙafa ba, amma ya fi kowanne daɗewa yana yi masa aiki. Na biyu ya sha faci da shi har ya ƙare. Wanda ka ɗauka shi ne na uku, kuma in ka juya ƙafar hagu za ka ga wani ɗan faci a gefen diddige, ya fi sauran jikin baƙi. Shi ne guntu na ƙarshe. Ranar da ya manna shi ya nuna mini, ya ce, "Kin gani, har yau da takalminki nake shiga fadama."

Haka babanka yake. Ba ya yar da abu, kuma ba ya bauta wa abu. In ya yi daidai ya sa, in bai yi ba ya nemo masa wani aikin.

Saura abu ɗaya da ba ka sani ba. Daminar da ta wuce, kafin ciwon ajali ya kwantar da shi, an yi ruwa da safe, ka fita ba takalmi ka bar sawunka a tsakar gida. Ina shara ya kira ni, ya ce in zo in gani. Na zo na tarar ya sa ƙafarsa a cikin sawunka, ta shige duka, ga sauran wuri gaba da yatsunsa. Ya daɗe a tsaye a haka. Sai ya ce, "Yaron nan ya wuce ni, Saude. Alhamdu lillahi." Ya hana ni share wurin har rana ta busar da shi. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na safiyar nan ba, ko ranar da rakensa ya fi na kowa a fadama.

To ƙafar da ya yi wa godiya ita kake so ka lanƙwashe ka cusa inda ba za ta shiga ba? Na san abin da ke ranka. Kana so ka shiga ruwan farko na aikinka da wani abu nasa a jikinka. Ban ga laifinka ba, ni ma da zai shige ni da na sa. Yadda ka riƙe gonar nan kai kaɗai yana kwance, ka yi jigo, ka yi jinya, ba ka taɓa ɗaga murya ba, duk halinsa ne, kuma ina alfahari da kai. Amma har da shirun nasa ka gado, shi ne nake tsoro. Wancan shirun rabin gona ya ci mana. Naka aikin gaba ɗaya zai ci, kuma babu mai yi maka gayya a can.

Ga abin da nake so ka yi, kuma umarni ne, ba shawara ba. Ranar kasuwa ka yi yawonka a ƙasa har la'asar. Ka je wurin Malam Bukar, ka gaishe shi, ka ce kai ɗan Bafillacen nan ne mai leƙa rana. Zai tsokane ka, ka rama, babanka bai taɓa barin bashin wasa ba. Ka zaɓi naka yadda na kwatanta maka. In ka gama, ka ciro na babanka daga ƙunshinka, ka ari wuƙar Malam Bukar, ka yi bisimilla ka yanka. Ka fitar da wuyan biyu, nan ne robar ta fi kyau, ka naɗe su ka sa a ƙasan akwatinka inda zafi ba ya kaiwa. Na san hannunka zai yi nauyi. Nawa ma ya yi kafin in rubuta wannan layin. Amma da yana nan, shi zai karɓi wuƙar ya yanka maka, yana yi maka dariya. Ranar da ƙaya ko ƙarfe ya fara huda naka, ka yanki guntu ka kai wa mai facin keke. Daga ranar kuwa da takalmin babanka kake shiga ruwa, kuma ba zai cije ka ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ɗan facin nan na diddigen hagu, ka yanko shi da kewayensa ka ba Garba ya kawo mini. Wannan nawa ne.

Turakun ban tuge su ba, kuma ba zan bari a ɗaure akuya a jikinsu ba. In aka ba ku hutu ka zo, naka za a kife a kai. Zan fito da safe in gani, in san akwai mai shi a ɗaki.

Allah ya kiyaye ƙafarka daga ƙaya da ƙarfe da abin da ke ja da ciki. Allah ya kiyaye ka daga ruwa mai zurfi da abokin banza. Ya sa albarka a guminka, ya kai ka lafiya, ya dawo mini da kai kana takawa da ƙarfi. Kada ka bar salla, kuma in ka idar ka tuna da babanka. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.

Wassalam.

Innarka,
Saude.